Wayar gashi mai gram 180 da na kai duwatsun Poli

Wayar gashin gidanmu, wadda ake fito da ita ranar Babbar Sallah a gasa hanta tun ba a gama fiɗa ba, na kai ta wurin mai sayar da ƙusa a unguwarmu ya ɗora a sikeli: kilo 1 da gram 400. Ga faɗi, ga ƙafafu huɗu da ba sa naɗewa. A tsakar gida wannan ba abin magana ba ne. A bayan mutum kuwa, kan hanyar dutse, magana ce babba.

Mu 'yan kaɗan ne a Garwa, a arewacin Kamaru, da muka mai da hawan dutse abin yi idan hunturu ya kama. Mukan fita kowa da jakarsa a goye, mu taka da ƙafa, mu kwana inda dare ya same mu. Ruwa kaɗai lita 3 kowa yake ɗauka, kilo 3 ke nan tun ba a sa bargo ba, ba a sa tukunya da buta da shinkafa ba. Girki kuma irin na kowa ne, duwatsu uku da tukunya a sama. Shinkafa ba ta da matsala da wannan. Nama ne ke ba mu wahala. Mukan fere ɗanyen itace mu soke shi, mu kafa a gefen wuta irin na masu tsire, sai dai mai tsire yana da tudun tokarsa kuma ya san wutarsa, mu kuwa iskar hunturu ce ke juya mana harshen wuta yadda ta ga dama. Gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya da jini, wani yankin ya sulale cikin toka. Butar shayi ma gindinta ƙarami ne, ba ta zama a kan duwatsu uku sai da dabara. Sai na sa wa kaina sharaɗi: ina son waya da za ta kwanta a jaka ba ta tsaga ta ba, kada ta wuce gram 250, kuma ta ɗauki tukunya da ruwa lita 1 a kan wuta ba ta lotsa ba.

A Garwa babu shagon da ake sayar da irin waɗannan kaya. Da can, lokacin da Turawa ke tururuwa zuwa Rumsiki da Waza, akan ga irinsu a hannun 'yan jagora, wani baƙo ya bar musu. Tun da aka sace Faransawan nan 'yan gida ɗaya su 7 a kusa da Waza cikin watan Fabrairun 2013 baƙi suka ɗauke ƙafa, kayansu ma suka daina zuwa. Na duba a intanet, na ga waɗanda ake yi wa masu yawon daji a Amurka da Japan, yawancinsu na titaniyom. Ƙarfe ne mai kyau, babu ƙarya a ciki. Ba ya tsatsa, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,600 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan ka ɗauki sanda biyu masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, ta titaniyom ba ta kai kashi 60 cikin 100 na nauyin ta baƙin ƙarfe ba. Amma da na haɗa kuɗinta da kuɗin aikowa da abin da za a biya kafin ta fito daga Duwala, sai na ga kuɗin ya isa mu huɗu mu je Poli mu dawo har da na nama. Na rufe wayar salulata, na shiga kasuwa.

Abu na farko da kowa ya nuna mini shi ne wayar firji. A wurin masu gwangwan tana nan jibgi, kuma rabin masu gasa masara da kifi a bakin titi da ita suke aiki. Mai gwangwan ɗin ya ce, "Alhaji ƙarami, ɗauki wannan, ko dala ashirin ka ba ni." Ban ɗauka ba. Wayar firji don sanyi aka yi ta. Wata an lulluɓe ta da roba, wata an shafa mata tutiya, wato zinc, don kada ta yi tsatsa, wasu tsofaffin ma kadmiyom aka shafa musu, wanda guba ne sosai. Tutiya tana narkewa a digiri 420, tana tashi ta zama hayaƙi a digiri 907, kuma garwashin da iska ke hurawa yana iya kai ta can. Masu walda sun san farin hayaƙin da ke tashi idan sun taɓa bututun ruwa mai tutiya, sun san zazzaɓin da ke kama mutum da dare bayan ya shaƙe shi. Sukan sha madara su ce tana wanke ƙirji, alhali ba ta hana komai. Ban da hayaƙi, abu mai tsami kamar lemun tsami da tumatir da tsamiya yana cin tutiya ya shigar da ita cikin abinci. Da wannan hujja na bar wayar shinge da ragar kaji su ma, duk da rashin nauyinsu.

Alminiyom ya ja hankalina, domin nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Amma ba sai an je makaranta ba kafin a san halinsa. Masu zuba tukwane a bayan kasuwa da gawayi da zugazugi suke narkar da shi, ya zama ruwa a digiri 660. Tun kafin ya kai nan ma ya yi laushi. Tukunyar alminiyom tana tsira a kan wuta ne don ruwan da ke cikinta yana kwashe zafin. Siririyar sanda da ke kwance a kan garwashi, da tukunya a kanta, babu abin da zai cece ta.

Sauran baƙin ƙarfe na yau da kullum, irin wanda ake saƙa ganun da shi, murhun gawayin nan na waya da mutanen Cadi ke dafa shayi a kai. Ba shi da illa ga lafiya idan ba a shafa masa komai ba, sai dai tsatsa, kuma siririnsa wuta tana cinye shi a hankali. Da ban sami wani abu ba, da shi zan yi. Wani abokina mai gyaran keke ya ba ni shawarar wayoyin ƙafar keke, na kuma gwada tunanin: siririya ce, milimita 2, tana da ƙarfi. Amma waɗanda ke cika kasuwarmu masu araha ne da aka shafa wa tutiya, na inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, sai a tsofaffin kekunan Turai, kuma ba ka samun guda goma sha iri ɗaya.

A wurin masu yin ƙarfen baranda da na matakala na sami abin da nake nema. Su ne ke aiki da inoks, ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, kuma ba da waldar lantarki ta ƙofa da taga suke haɗa shi ba, da waldar iskar argon ce. Wannan walda tana da sandunan da ake narkarwa a cike haɗi, tsiraru babu wani shafi a jikinsu, kowace tsawon mita 1, kuma a ƙarshen kowace an buga lambar irin ƙarfen. Na ga 308L a jiki. Wannan lamba ta fi mini duk wani rantse-rantsen ɗan kasuwa, domin tana nufin ƙarfe mai kromiyom wajen kashi 20 cikin 100 da nikel wajen kashi 10, ɗan'uwan wanda ake yin cokula da tukwanen asibiti da shi. Mutane sukan gwada inoks da maganaɗisu, su ce idan bai kama ba mai kyau ne. Gwajin yana da amfani, amma bai isa ba. Akwai inoks mai araha, lamba 201, da shi ma maganaɗisu ba ya kamawa, kuma ya fi saurin yin tabon tsatsa. Kada kuma a rikita waɗannan sanduna da na waldar lantarki masu busasshen shafi a jiki; waɗancan ba su da wuri kusa da abinci.

Na zauna da biro na yi lissafi kafin in saya. Sanda mai kaurin milimita 3.2 tana da nauyin gram 63 a kowace mita, mai milimita 2.4 kuma gram 36. Na auna bayan jakata, na ga santimita 30 a tsaye da 18 a kwance za su shiga ba tare da sun turo ba. Zagayen firam ɗin santimita 96 ke nan, sanda ɗaya mai kauri ta isa, gram 61. Sandunan tsakiya sirara guda 14, kowace santimita 18, tazarar santimita 2 tsakaninsu, gram 90. Sai ɗaya mai kauri da za ta bi ta ƙarƙashinsu a tsawo ta tallafe su, gram 19. Jimla gram 170, ban da ɗigon walda. Da na titaniyom ce mai wannan girma, da za ta tsaya wajen gram 100. Bambancin duka bai wuce nauyin ruwan da zai cika ƙaramin kofin shayi ba. A kan wannan ne zan biya kuɗin tafiyar mutum huɗu?

Maigidan wurin waldar dattijo ne, ya duba zanena ya juya takardar sama da ƙasa.

"Ina ƙafafun, ɗana?"

Na ce, "Babu, Baba."

"To a kan me za ta tsaya?"

"A kan dutse. Inda za mu, dutse ya fi ƙasa yawa."

Ya yi dariya ya ce shekarunsa a sana'a bai taɓa ganin wanda ya zo neman a rage masa ƙarfe ba, kowa ƙari yake so. Gaskiyar magana, ƙafafu su ne rabin nauyin duk wata waya da na ɗaga a kasuwa, su ne ke soke jaka, su ne kuma ke fara lanƙwashewa don suna tsaye cikin garwashi. Tsayinsu ma ɗaya ne tak, ba ka iya ɗagawa ko saukewa. Da dutse kuwa, ka ga wuta ta yi yawa sai ka ƙara ɗan falale a ƙarƙashi.

A wajen aikin na ga gwanintar dattijon. Bai yanka firam ɗin gida huɗu ba, lanƙwasa sandar ya yi a jikin wani guntun bututu, kusurwoyin suka fito da zagaye, haɗi ɗaya kawai ya rage. Ya ce kusurwa mai tsini ita ce za ta yaga mini jaka da bargo. Da ya zo kan sirarun sanduna bai bi su a jere ba. Ya ɗiga wa ta farko, ya tsallaka ta ƙarshe, ya dawo tsakiya, yana barin kowace ta huce. Inoks yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, kuma ba ya saurin watsa zafin, sai ya taru wuri ɗaya. Idan aka bi layi ɗaya da walda, firam ɗin zai murɗe ya ƙi kwanciya. Yaronsa ya ɗauko burushin ƙarfe zai goge haɗin, ya daka masa tsawa, ya ce a kawo na inoks. Burushin baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushinsa a jiki, shi ne daga baya za ka ga tsatsa ka ce an cuce ka da jabu. Da aka gama muka ɗora a sikelinsa: gram 180. Kuɗin sanduna da na aiki gaba ɗaya bai kai sefa jaka biyar ba.

A gida na wanke ta da sabulu da ruwan zafi, na goge wuraren waldar da lemun tsami, sannan na ɗora ta a kan gawayi ita kaɗai har ta yi ja a tsakiya. Launinta ya koma ruwan zuma da shuɗi-shuɗi, bai kuma dawo ba, wannan ba lahani ba ne. Na sa bulo biyu, na ɗora tukunya da ruwa lita 1, ya tafasa, ba ta lotsa ba. Telan unguwarmu ya yanke ƙafar wani tsohon wandon jins ya ɗinke ƙasa, ya sa igiya a baki. Wannan jaka ba ado ba ce. Waya da ta sha hayaƙi da kitse, idan ta shiga cikin kaya tsirara, bargo da rigar salla duk sun gama yawo.

Muka tashi a farkon Janairu. Daga Garwa ana bin babbar hanyar Ngaundare, a wuce Ngong, a sauka a mararrabar Poli, sannan a yi yamma sama da kilomita 30 zuwa garin, wanda shi ne hedkwatar yankin Faro. Duwatsun sun kewaye shi, mafi tsawonsu Hosere Vokre, mita 2,049. Ba ƙololuwar muka nufa ba, ƙauyukan da ke gangaren muka bi. Mun fara zuwa wurin jandarmomi muka nuna katin shaida muka faɗi inda za mu da ranar da muke sa ran dawowa. Wannan ba a wasa da shi yanzu a ko'ina cikin arewa. Muka ɗauki ɗan jagora ɗan ƙasar, Badowaye mai jin Fulatanci da Hausa kaɗan. A kasuwa muka sayi naman sa kilo 1, na sa mahaucin ya yanka mini shi fale-fale, na barbaɗe shi da gishiri da yaji tun a nan, na ƙulle a leda biyu. Ɗanyen nama a jaka cikin rana na daren farko ne kawai. Abin da za a ci bayan nan kilishi ne, ko abin da aka samu a ƙauye.

Kafin mu sauke kaya a wurin kwana sai da muka je gaida jauro, wato mai garin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Garwa, muna neman izinin kwana a bayan gari, kuma za mu hura 'yar wuta."

Ɗan jagora ya fassara. Jauro ya yi shiru, sannan ya nuna wani fili mai falalen dutse can nesa da rumbuna, ya ce nan kawai, kuma kada mu taɓa itacen kurmin da ke gefen rafi, nasu ne na al'ada. Yana da hujja a kan wutar. A watan Janairu ciyawa ta bushe ƙayau, ta fi mutum tsawo a wasu wurare, ga iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbun dawar shekara. A cikin gandun dajin Faro da na Binuwai kuwa, da ke kusa, ba a ma shiga sai da izini da ma'aikacin gandu, balle mutum ya hura wuta yadda ya so.

Murhun wannan waya ba irin na duwatsu uku da aka saba ba ne, biyu ne dogaye masu shimfiɗaɗɗen kai, a jera su kamar santimita 25 tsakani, sai na uku a tare bayan ta inda iska ke busowa, a bar 'yar kafa. Duwatsun busassu muka ɗebo daga tudu. Na cikin rafi, ko da sun yi kama da busassu, sukan riƙe ruwa a ciki, idan ya zama tururi sai dutsen ya fashe ya watsa tsakuwa a fuskar mai girki. Muka share ciyawa da ganye taku biyu ta kowane gefe har sai da ƙasa ta fito.

Itace shi ne inda ɗan jagora ya fi mu amfani. Ya kawo busasshen marke da taramniya, ya ce da mun sami ƙirya da ta fi, ita maƙera ke yin gawayi da ita. Ɗaya daga cikinmu ya jawo wasu busassun rassa marasa nauyi daga wani tsohon shinge, ɗan jagora ya karɓe ya jefar. Ƙerana ce. Duk itace mai farin ƙaro irin ƙerana da tinya da tumfafiya ba a gashi da shi, ba a kuma fere shi a soke nama, domin gubarsa tana bin hayaƙi da ruwan itacen. Rassan da ba su wuce kaurin wuyan hannu ba muka zaɓa, su ne ke saurin zama garwashi. Gungume sai ya ci rabin dare yana hayaƙi.

Sai jira, wanda shi ne ya fi wa mai jin yunwa wuya. Muka hura wutar a gefe ɗaya, muka ɗora tukunyar shinkafa a kan wayar tun harshen wuta na tashi, domin tukunya ba ruwanta da hayaƙi. Muka yi sallar magariba. Da itacen ya faɗi ya zama ja, farar toka ta fara rufe shi, na sauke tukunya na rufe ta da bargo ta ƙarasa turara, na baza garwashin da sanda tsakanin duwatsun. Tsakanin garwashi da waya kamar faɗin tafin hannu, wajen santimita 10. Ina gwadawa da hannu: in na iya riƙe tafina a saman wayar na ƙirga zuwa huɗu ko biyar kafin in janye, zafin ya yi wa nama fale-fale. In ban kai uku ba, a ɗaga. Na raba albasa biyu, na tsoma a man gyaɗa, na goge sandunan da ita don kada nama ya manne.

Ta yi aikinta. Naman ya gasu ciki da waje, kitsen na ɗiga yana tayar da 'yar wuta, ina matsar da yankan gefe har ta mutu. Babu yanka ɗaya da ya faɗa toka. Amma santimita 30 da 18 ba ta ɗaukar fiye da gram 300 na nama a lokaci guda, mu kuma biyar ne da ɗan jagora. Sai aka koma ci bi da bi, wanda ya samu ya ci, sauran suna kallon hannuna. Ɗayanmu ya ce, "Malam, wannan wayar taka ta gwauro ce." Ban musa ba. Na ce masa ta gidanmu tana nan, in yana so ya goyo ta a tafiya ta gaba. Bayan nama, buta ta hau, ta zauna daram a kusurwa ɗaya, muka yi shayi har zagaye na uku ba wanda ya riƙe mata hannu. Ni a wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin walda.

Washegari a wani ƙauye muka sayi zakara, muka yanka da kanmu. Kaza ta fi nama wuya a irin wannan waya. Na tsaga shi ta baya na buɗe shi ya kwanta, na raba biyu, na ɗaga wayar da ƙarin duwatsu ta kai kamar santimita 15, na fara da gefen ƙashi a ƙasa. Kaza ba a cin ta da saura. Zafin cikinta ya kamata ya kai digiri 74, mu kuma ba mu da ma'auni a daji, sai a soki cinya ta wurin gaɓa a ga ruwan ya fito fari tas babu ja. Ya ɗauki lokaci, sai da na riƙa jawo sabon garwashi daga wutar gefe. Shi ya sa ake barin wuta tana ci a gefe ɗaya, ana gashi a ɗayan. Dankalin da matar mai zakaran ta ba mu kyauta bai nemi waya ba, cikin toka mai zafi muka binne shi.

A wannan daren ne wayar ta ɗan bankare a tsakiya, kamar rabin santimita. Na san dalili, tsakiyar ta fi gefuna zafi. Ban zuba mata ruwa ba, domin sanyaya ta farat ɗaya shi ke sa murɗewar ta zauna. Na bar ta ta huce, da safe na kifa ta na ɗora buta a kan tudun, ta koma kusan yadda take. Wanke ta kuma ba ya cin ruwa: a mai da ita kan garwashi kitsen ya ƙone, a goge da busasshiyar ciyawa da toka, a sa a jakarta. Jakar kuma ba ta kwana kusa da kai. Ƙamshin kitse yana kiran tururuwa da karnukan ƙauye, don haka a reshe muke rataye ta tare da sauran abinci.

Kashe wuta a inda ruwa ke da tsada sai da haƙuri. Rufe garwashi da ƙasa kawai ba ya kashe shi. Iyayenmu mata da toka suke rufe wuta da dare su tone ta da asuba tana nan da ranta. Mukan baza garwashin, mu yayyafa ruwan wankin tukunya, mu zuba ƙasa mu cakuɗa da sanda, mu sake cakuɗawa, har sai mutum ya kai bayan hannunsa kusa bai ji ɗumi ba. Sannan a mai da duwatsun inda aka ɗauko su. Ɗan jagora ya tsaya a kanmu kowace safiya sai ya taɓa da nasa hannun kafin ya yarda mu tafi.

Akwai inda ba ta da amfani, gara in faɗa. Da damina, itace jiƙe, ƙaramin murhun gas ya fi ta nesa ba kusa ba. Wanda kuma shinkafa da taliya kawai zai ci, duwatsu uku sun ishe shi, kada ya ɗora wa kansa ko gram 180. Kifi ma ta ba ni kunya. Bayan mun dawo na gwada ta a bakin tafkin Lagdo da ƙananan karfasa, tazarar santimita 2 ta yi musu faɗi, wutsiya da gefen ciki suna zubewa, fatar kuma tana mannewa idan aka yi gaggawar juyawa. Babban kifi lafiya lau.

Na koma wurin dattijon da sabon zane. Girman ɗaya ne, 30 da 18, don su kwanta tare cikin jaka ɗaya, amma sandunan tsakiya na milimita 1.6 ne, tazarar santimita 1, saboda kifi da hanta da yankan albasa. A lissafina za ta tsaya wajen gram 165. Idan aka jera su biyu a kan dogayen duwatsu, tukunya na kan ɗaya, nama na kan ɗaya. Abokin nan da ya kira ta farko ta gwauro shi zai biya kuɗin ta biyun, shi kuma zai goya ta. Dattijon ya ce sandunan 1.6 sun ƙare, sai motar Duwala ta iso, in leƙo ranar Asabar.